Kujerar dattijo a ikilisiya ba gadon gida ba ce

Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Kiristocin Arewa a kan wani ciwo da kowa ya san da shi amma ba a cika ambatarsa daga mumbari ba. Duk ranar da gida da ikilisiya suka ja daga, gida ne yake yin nasara. Ana karanta mana Matiyu 10:37 kusan kowace shekara, inda Yesu ya ce wanda ya fi ƙaunar uba ko uwa, ko ɗa ko 'ya, a kansa bai cancanci zama nasa ba. Mukan amsa da amin, mu yi waƙa, mu watse. Ranar Talata kuma dattawa su zauna a kan maganar ɗan ma'aji, sai ka ji kowa yana gyaran murya yana kallon ƙasa. Wa'azi ya yi iya nasa. Abin da ya rage shi ne a rubuta ƙa'ida tun kafin rikici ya zo, tun ba a san ɗan wa zai faɗa cikinta ba.

Abin yana da asali, kuma asalin ba mummuna ba ne. Tun da mishan ɗin SUM suka sauka a Wase a 1904, da na 'Yan'uwa a Garkida a 1923, har zuwa lokacin da majami'un mishan ɗin SIM suka zama ɗarikar ECWA a 1954, bishara gida-gida ta riƙa shiga ƙauyukanmu. Mutum ɗaya zai karɓa, sai matarsa, sai ƙannensa. A zaurensa za a fara sujada. Shi zai yanki gefen gonarsa ya ce a yi majami'a, 'ya'yansa su kwaɓa ƙasa su ɗauko ciyawar jinka. Su ne kuma farkon shiga makarantar mishan, don haka da aka tashi neman sakatare da ma'aji babu wanda ya iya rubutu sai su. Yau jikokinsu ne suke cewa "majami'ar kakanmu", suna mantawa cewa kakan nan sau da yawa sai da ya saɓa wa nasa dangin, ya ƙi tsafin gida, wani ma ya rasa gadonsa, kafin a yi masa baftisma.

Filin nan da kaka ya bayar da baki shi ne igiyar farko da ake ɗaure ikilisiya da ita. Da zarar an taɓa wani ɗan gidan, sai ka ji an ce, "To ku tashi mana daga fili." Maganin yana da sauƙi matuƙar dattawan gidan suna raye kuma ana zaman lafiya. A rubuta takardar kyauta, magada su sa hannu, mai unguwa da dagaci su shaida, a kira mai awon fili ya kafa duwatsun iyaka. A ƙauye a nemi takardar izinin mallaka daga ƙaramar hukuma, a gari kuma a nemi ta gwamnan jiha, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tsara. Sunan da za a rubuta shi ne na amintattun ɗarikar masu rajista. Kada a sa sunan fasto, kada a sa na dattijon da ya yi zirga-zirgar takardun, domin in ya rasu 'ya'yansa za su tarar da takardar a akwatinsa su lissafa ta cikin gado.

Sai zaɓe. Mutane suna mamakin yadda gida ɗaya yake kwashe kujerun dattawa ba tare da an yi maguɗi ba, alhali lissafi ne kawai. A ce ikilisiya tana da masu cin jibin Ubangiji 200, aka sa taron zaɓe ranar Asabar da yamma, mutum 90 suka zo. Kujeru bakwai ne, kowa zai rubuta suna bakwai. Mutum 35 na gida ɗaya ne da surukansu, sun kuma zauna daren Juma'a sun daidaita a kan sunayen da za su rubuta. Kowane ɗan takararsu ya tashi da ƙuri'a 35. Sauran mutum 55 kowa ya rubuta wanda ransa ya kwanta da shi, ƙuri'unsu 385 suka bazu a kan mutum 20, kowa ya sami wajen 19. Gida ɗaya ya ɗauke kujeru bakwai cif, kuma babu wanda zai iya nuna inda aka karya doka. In kuwa da ɗaga hannu ake zaɓen, abin ya fi haka muni, don babu matar da za ta bar hannunta a ƙasa surukinta yana waige.

Saboda haka a yi zaɓe ranar Lahadi nan da nan bayan sujada, a sanar da shi Lahadi uku a jere, a yi shi da takarda a asirce, wakilin gundumar ɗarika ya ƙidaya a gaban jama'a. Sannan a rubuta tun da wuri cewa uba da ɗa, wa da ƙane, suruki da mijin 'yarsa ba za su zauna a majalisar dattawa a wa'adi ɗaya ba. In dukansu sun ci, wanda ya fi ƙuri'a ya zauna, mai bi masa daga wani gida ya hau. A kuma ƙayyade wa'adi, in mutum ya yi biyu ya huta ɗaya. Dattijon da ya shekara ashirin a kujera yakan fara ganin ta a matsayin sarauta, sarauta kuwa ɗa ake bar wa.

A wajen kuɗi ne ɓarnar ta fi yawa, kuma a nan ne aka fi jin kunyar magana. Nehemiya 13 ya ba da labarin firist Eliyashib, mai kula da ɗakunan ajiya na Haikali, wanda saboda kusancinsa da Tobiya, Ba'ammone abokin gaban Nehemiya, ya kwashe babban ɗakin da ake ajiye hadayar gari da lubban da zakka ya ba shi ya zauna. Me ya biyo baya? Lawiyawa da mawaƙa ba su sami rabonsu ba, kowa ya koma gonarsa. Da Nehemiya ya dawo ya watsar da kayan Tobiya waje, amma bai tsaya a nan ba. Ya naɗa mutum huɗu a kan ɗakunan ajiyar, da firist, da magatakarda, da Balawe, da mataimakinsu, mutanen da aka shaida amincinsu. Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8 ya ce ikilisiyoyi sun zaɓi wani ɗan'uwa ya raka kuɗin, don kada a sami abin zargi. In manzo ya nemi shaida a kan kansa, ma'ajin ƙauye ba shi da dalilin jin haushi don an ce a ƙidaya baiko a gabansa.

Ga yadda ya kamata baikon Lahadi ya bi. Mutum uku daga gidaje uku su ƙidaya a cikin majami'a kafin kowa ya tafi, ma'aji yana kallo amma ba ya cikin ukun, a kuma riƙa sauya su kowane wata. A rubuta a takarda mai kwafi: 'yan dubu nawa, 'yan ɗari biyar nawa, ambulan zakka nawa, na gini nawa. Su ukun su sa hannu, kwafi ɗaya ga sakataren kuɗi, ɗaya ga ma'aji. Kuɗin ya shiga banki ranar Litinin, a liƙa shaidar biya a jikin takardar ƙidayar. Kada a taɓa ko sisi daga baikon kafin ya shiga banki, ko da na man janareta ne. Daga "bari mu cire na mai" ake fara rasa lissafi, don bayan wata uku babu wanda zai tuna nawa aka cire. Masu sa hannu a asusu su zama uku, biyu su isa fitar da kuɗi, kuma kada biyu daga cikinsu su haɗa gida ko surukuta. Saƙon alat ya riƙa shiga wayar mutum biyu. Yanzu da yawancin matasa ta waya suke tura zakka, lambar asusun ikilisiya kaɗai za a rubuta a bango. Ranar da aka ce "ku tura ta asusun ma'aji, zai cire ya kawo", ranar aka haɗa kuɗin Allah da kuɗin makarantar 'ya'yansa a tukunya ɗaya.

Mafi yawan ma'ajin da kuɗi ya ɓace a hannunsu ba su tashi da niyyar sata ba. Ƙanensa ne ya zo da dare, matarsa tana asibiti za a yi mata aiki, an san kuma baikon jiya yana cikin ɗakinsa. Ya ce masa, "Yaya, ara mini, in na sayar da citta zan mayar." Wane wa ne zai ce a'a? Citta ta faɗi, bashi ya kwana, aka ɗebi na wannan mako aka toshe na wancan. Ƙa'idar kai kuɗi banki ranar Litinin rufin asirin ma'aji ce kafin ta zama ta ikilisiya, domin ta ba shi amsar da dangi ba za su riƙe shi da ita ba: "Ba ya hannuna." Mai bukata ta gaskiya kuwa a buɗe masa ƙofar gaba. A ware asusun taimako, kashi kaza na baiko da taron shekara ya amince da shi, kwamitin mutum uku ya riƙa dubawa, a rubuta wanda aka ba da dalili. Ɗan'uwan mai nema ya fita waje har a gama shawara.

Amfanin gona da ake kawowa ranar godiyar kaka ya fi kuɗi saurin zurarewa, don ba shi da alat. A ƙidaya buhunan masara da dawa da doya a ranar, a rubuta, sito ya zama da kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu. In za a sayar, a tambayi farashin kasuwa na makon a sanar, a sayar a bainar jama'a. Abin da aka saba gani shi ne matar wani dattijo ta kwashe buhu ashirin a farashin kaka, bashi, ta ajiye zuwa bazara ta sayar da riba, sannan ta biya tsohon farashi in ta ga dama. Haka aikin gini. Kowane aikin da ya wuce adadin da majalisa ta yanke, a karɓi farashi a rubuce daga mutum uku. Ɗan gidan dattijo yana da damar nema kamar kowa, amma ubansa ba zai zauna a zaman da za a zaɓa ba, kuma ba shi zai ƙidaya buhunan siminti da bandir ɗin kwano ranar da aka sauke su ba. A biya kashi-kashi gwargwadon inda aiki ya kai. In aka ba ɗan gida kuɗin rufi gaba ɗaya ya tsaya a linta, babu mai iya kai shi ƙara, sai dai damina ta yi ta dukan bulo.

Maganar horo ta fi ta kuɗi zafi, don a nan ne marasa gata suke gane matsayinsu. Yarinya ta yi ciki a gida. Laifinta a bayyane yake, don haka Lahadi mai zuwa an karanta sunanta, an dakatar da ita daga cin jibi da zumuntar mawaƙa, ta koma bencin baya. Yaron kuwa ɗan dattijo ne. Kafin majalisa ta zauna an tura shi Abuja wurin kawunsa "ya koyi aiki", uban ya ce ai ya yi masa faɗa a gida, hannunka kuma ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bayan shekara biyu ya dawo ya karɓi gitarsa a gaban majami'a kamar ba a yi komai ba. Firist Eli ma ya yi wa 'ya'yansa Hofni da Finehas faɗa, 1 Sama'ila 2 ta rubuta kalmominsa. Abin da bai yi ba shi ne tsige su daga aikin firist, suka ci gaba da cusa cokali mai yatsa uku a tukunyar hadaya. Hukuncin da aka aiko masa shi ne ya girmama 'ya'yansa fiye da Allah.

Matakan ba ɓoyayyu ba ne, Matiyu 18:15-17 da 1 Timoti 5:19-21 sun shimfiɗa su: a fara ganin mutum shi kaɗai, sannan da shaidu biyu ko uku, sannan ikilisiya, kuma kada a yi kome da nuna bambanci. Abin da za mu ƙara don yanayinmu kaɗan ne. Duk dattijon da maganar ta shafi ɗansa, ko ƙanensa, ko surukinsa, ya faɗi haka da bakinsa ya fita, sakatare ya rubuta lokacin da ya fita da lokacin da ya dawo. A saurari ɓangarorin biyu, a yanke hukunci a zama ɗaya, a sanar rana ɗaya. Wanda ya gudu a rubuta wa ikilisiyar da ya koma, kada a ba shi takardar shaidar zama ɗan ikilisiya sai ya dawo ya amsa. A faɗi tsawon horon da wanda zai riƙa ziyartar mai horon, don horo maido da mutum ake nufi da shi. In maganar ta shafi fasto ko shugaban dattawa, a miƙa ta ga majalisar da ke sama, LCC ko DCC a tsarin ECWA, RCC a na COCIN, da makamancinsu a sauran ɗarikoki.

Akwai kuma abin da ba na majalisar dattawa ba ne sam. In babba ya lalata ƙaramar yarinya ko yaro, wannan laifi ne a dokar ƙasa. A kai yaron asibiti a ranar, kafin wanka in zai yiwu, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda. "A kashe maganar a gida don sunan iyali" shi ne yake ba mai laifin damar komawa ajin Lahadi ya sami wani yaron.

A wajen aure matsin daga iyaye yake zuwa. An riga an karɓi kuɗin aure, an buga kati, an yi anko, sannan sakamakon gwajin jini ya fito, saurayi AS budurwa AS, wato dukansu suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Sai iyaye su zo wurin fasto da dare: "Baba, a rufa mana asiri, Allah zai kiyaye." Lissafin kuwa ba ya canzawa. Kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila, kuma haihuwar lafiyayye a farko ba ta rage haɗarin na biyu. Kuskuren a jerin matakai yake. Gwaji ya zo kafin gaisuwar iyaye da sa rana, a asibitin da kwamitin aure ya amince da shi, sakamakon ya zo a rufe kai tsaye, a kuma zaunar da yaran su biyu ba tare da iyaye ba a yi musu bayani. Sanarwar kwana 21 a wurin rajistar aure da shelar Lahadi uku a majami'a kada a gajarta wa kowa, ko 'yar Rabaran ce. An sa su ne don mai magana ya sami lokacin fitowa, kuma auren da ake gaggawar ɗaurawa sau da yawa akwai abin da ake gudun ya fito.

Fastoci ma suna da nasu. Wani in an kawo shi sabon wuri, kafin shekara ƙanensa ne direba, 'yar wansa ce mai karɓar kuɗin makarantar ikilisiya, matarsa ce mai sayen kayan abincin taro. Wani kuma in ya taɓa ɗan babban gida, kafin wata uku takardar ƙorafi mai sa hannun mutum talatin ta isa gunduma, duk sunan kaka ɗaya, sai a ɗauke shi "don zaman lafiya". Na bayansa ya ji labari tun kafin ya sauke kaya, ya kama bakinsa. Gunduma ta riƙa duba sunayen masu ƙorafi gida nawa suka fito, ta kuma tura mutum biyu su ji ta bakin sauran jama'a kafin ta taɓa fasto. Sannan a biya shi albashinsa a kan kari. Faston da gida ɗaya ne yake kai masa buhun masara in albashi ya makara ba zai iya buɗe baki a kan gidan nan ba.

Na san za a ce ina raba mutum da danginsa. Littafi Mai Tsarki bai yarda da wannan ba. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da nasa ba, musamman iyalin gidansa, ya fi marar bi muni. A Markus 7 Yesu ya tsauta wa masu hana iyayensu taimako da sunan sun keɓe dukiyar ga Allah, yana kan gicciye kuma ya danƙa uwarsa a hannun almajirinsa. Mutumin da yake kwana a majami'a dare bakwai 'ya'yansa suna gida an koro su don kuɗin makaranta, ko wanda ya yi alkawarin miliyan a taron gini tsohuwarsa ba ta da kuɗin maganin hawan jini, shi ma ya kauce. Ka ciyar da naka daga aljihunka da gonarka iyakar ƙarfinka. Baiko, da kujera, da hukunci, amanar jama'a ce, ba ka da ikon yin zumunci da su. Yakubu ɗan'uwan Yesu ne kuma ya shugabanci ikilisiyar Urushalima, don haka ɗan dattijo in ya cancanta a zaɓe shi, bayan uban ya sauka.

Inda abin yake da wuya da gaske shi ne ƙaramar ikilisiyar ƙauye mai mutum arba'in, wadda kusan kowa kaka ɗaya ne. A nan ba za a iya hana dangi zama tare a majalisa ba, sai a taƙaita ƙa'idar ga kujeru uku: shugaba, ma'aji da sakataren kuɗi kada su fito ɗaki ɗaya. A ba matan da aka auro daga wasu garuruwa da malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin da aka turo garin wuri a cikin masu ƙidayar baiko. Ikilisiyoyi biyu maƙwabta su riƙa musayar masu binciken littafin kuɗi duk wata shida, a karanta rahoton da Hausa a gaban jama'a, a liƙa kwafi a ƙofa. Maganar horo kuwa da ta shafi gidan da ya fi yawa a tura ta sama tun daga farko. Wanda zai kawo shawarar nan a taron shekara ya fi kyau ya fito daga babban gidan kansa, a kuma kawo ta a shekarar da babu wata ƙara a gaban majalisa, don kada a ce da wane ake.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya,
Kafanchan, Jihar Kaduna.